Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a kan hasken dandamali

Sakkwato

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da zauren da aka ɗora maka nauyin gyara fitilunsa kafin musabaƙar karatun Alƙur'ani, inda ka ce jama'a suna kukan haske yana kashe musu ido, alhali fuskar mai karatu ba ta fita sosai a kyamara. Shawarata ita ce kada ka bari kwamiti ya sayo ƙarin fitilu, domin hasken da kuke da shi ya isa, sai dai yana zuba inda ba a buƙatarsa.

Ka fara da wurin da aka rataye su. Masu wannan sana'a sun daɗe da yarda cewa fitilar gaba ta sauko wa mutum daga sama a kusurwar da ta kai kamar digiri 45, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Idan ta yi ƙasa, za ta shiga idon yaron da ke karatu kai tsaye, ta kuma jefa inuwarsa a bango. Idan ta koma bisa tsakar kansa, rawani ko bakin hijabi zai rufe idanu da inuwa.

Bayan haka sai a yi wa hasken iyaka. Fitilun da ake kira Fresnel, wato fitilun dandamali masu gilashi mai zobe-zobe a gaba, suna karɓar wasu marafai huɗu na baƙin ƙarfe a bakinsu, waɗanda ake lanƙwasawa har hasken ya tsaya daidai gefen dandamali. Wadda ba ta da su, mai walda zai iya naɗa maka gajeren bututu na falle-fallen ƙarfe, a shafe cikinsa da baƙin fenti marar sheƙi mai jure zafi, a ɗaure shi da kyau a bakin fitilar, ta yadda wanda ke zaune a gefe ba zai hangi ƙwan ba. Na roƙe ka, kada kowa ya yi wannan da kwali ko leda, domin ƙwan halojin mai wat 1000 yana iya kama su da wuta. Fitilun LED ba su kai haka zafi ba, amma ƙananan ƙwayoyinsu suna sukar ido, kuma farar takardar da ake sa musu don tausasa haske tana ƙara bazuwarsa, don haka sai an haɗa ta da bututun.

Akwai kuma abin da mu mutanen nan muka sani sarai, wato ƙurar hunturu. Idan ta kwanta a gilashin fitila, hasken yakan watse ya zama hazo, saboda haka a kashe fitilar, a bari ta huce, sannan a goge da tsumma mai laushi. Ka lura da farin tayil da fararen riguna ma, domin suna mayar da haske cikin idon jama'a. Darduma mai duhu a ƙasa da labule mai kauri a baya za su rage wannan ƙwarai.

Idan kun gama, ka kashe sauran fitilun zaure da dare, ka bar na dandamali a kunne, ka zauna a sahun gaba da na gefe da kuma kujerar alƙalai, duk inda ka hangi ƙwan fitila da idonka sai a sake gyarawa. Ka turo mini hoton rufin zauren da tsawonsa daga ƙasa domin in auna maka inda za a kafa ƙarfen ratayewa.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka,
Umaru