Masu filaza, a sa wa kowane shago mitarsa kafin a sayi sola

Assalamu alaikum, Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in yi magana da masu filazoji da manyan gine-ginen ofisoshi a Kano, Kaduna da Abuja.

Tun watan Afrilun 2024, da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin wutar Band A, wato rukunin da aka ware wa awoyin wuta mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauto da shi, ba a jin komai a bakin masu gini sai sola. Sola ba laifi. Sai dai kafa ta a ginin da ba a san inda wutarsa ke tafiya ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Tushen ɓarnar shi ne mita ɗaya ga shaguna talatin, ƙarshen wata a raba kuɗi daidai wa daida. Mai yadi da fankarsa ɗaya da ƙwai huɗu ya biya abin da mai lemo da firiza uku ya biya. To wa zai kashe esi in zai fita sallah? A sa wa kowane shago ƙaramar mita daga akwatin rarraba wuta, a ware wata daban ga famfon rijiyar burtsatse da fitilun haraba, a riƙa karanta su duka rana ɗaya kowane wata, ana rubutawa a littafi.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A karanta babbar mita ƙarfe takwas na dare bayan an rufe, a sake karantawa bakwai na safe. Idan wuta ba ta ɗauke ba, kuma aka ga an ci yunit 55 cikin awa 11, to akwai kayan kilowat 5 da suka kwana a kunne. Fitilun tsaro goma masu wat 50 rabin kilowat ne kacal. Sauran fa? Ko esi ne aka manta, ko hita, ko famfo na ta aiki tanki na ambaliya don babu makunnin da ke kashe shi in ruwa ya cika, ko kuma wani ya jona waya ta bayan katanga. A bi makunnan akwatin ana kashewa ɗaya bayan ɗaya, za a kama ɓarawon.

Esi ne babban mai ci. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,100 zuwa 1,200. A zafin bazara, da kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi a cikin esi, ba ta hutawa, awa 10 a rana na kwana 26 ya kai yunit 300, wato sama da naira 60,000 a wata. Gini mai guda ashirin ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mutanenmu kuma da sun shigo sai su danna rimot zuwa 16, wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. Esin da ba infata ba, wato wanda ba ya iya rage ko ƙara gudun kwamfiresarsa, gudunsa ɗaya ne. Abin da 16 ke yi kawai shi ne hana kwamfiresa tsayawa. A bar shi a 24 ko 25, a kunna fankar sama, wadda ba ta wuce wat 75 ba.

Lokacin hunturu a cire ragar tace ƙura duk mako biyu a wanke. Ɓangaren da ke waje ma a wanke haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi, a bar masa tazarar santimita 30 daga bango, kada a jera su suna hura wa juna iska mai zafi. Sai maganar gas. Gas ɗin esi ba mai ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Duk esin da ake wa ƙari kowace shekara yoyo yake, galibi a mahaɗar bututun tagulla. In aka ga ƙanƙara ta kama siririn bututun, a sa mai gyara ya shafa ruwan sabulu ya nemo ramin, ya toshe, ya zuƙe iskar ciki da injin zuƙa, sannan ya cika. Wanda ya zo da tukunyar gas kawai, zai dawo baɗi.

Ginin kansa ma yana da hannu. Ka'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai da abin inuwa, a kuma sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Amma dubi sababbin filazojinmu: gilashi tun daga ƙasa har sama yana kallon yamma, ranar la'asar na dukan sa. Rumfa a waje ta fi labule a ciki, domin kafin a kai ga labule zafin ya riga ya shigo. Masu hawan ƙarshe kuwa, farin fenti a kan kwano da abin tare zafi a saman silin za su rage musu wahala sosai.

Fitilu ba su da dogon bayani. Dogon ƙwai mai wat 36 da cok ɗinsa yana cin wajen 45, na LED 18. In aka canza guda ɗari masu aikin awa 10 a rana na kwana 26, an tsira da kusan yunit 700 a wata.

Janareta kuma yawanci ya fi ƙarfin ginin. Injin dizal mai kVA 100 da ke ɗauke da lodin da bai kai kashi 30 cikin ɗari ba ba ya ƙona mai da kyau. Za a ga baƙin maiƙo na tsatsafowa daga salansa, kowane yunit kuma ya yi tsada. Gara ƙarami na safe da dare, babba na tsakar rana. A kuma sa ma'aikacin wuta ya auna layukan wuta uku da ke ciyar da ginin da kilam-mita, wato na'urar auna yawan wutar da ke bin waya: in ɗaya na ɗauke da amfiya 90 wani 30, a sake rarraba shagunan, in ba haka ba waya ta yi zafi, inji ya riƙa kashe kansa.

Bayan wata uku ana wannan, alƙaluman da ke littafin su za a miƙa wa mai sola ya auna yawan faranti da batir.

Naka,
Injiniyan lantarki, Kano