Maigidana ya ce mu bar Kano, ni kuwa zuciyata ta ƙi

Mama, salama a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kowane mako ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah ki sakaya sunana, 'yan Zumuntar Mata na ikilisiyarmu duk suna jin ki.

Ranar Lahadin nan bayan mun dawo daga sujada maigidana ya zaunar da ni ya ce in fara ɗaure kaya, kafin ruwan farko ya sauka za mu koma garinsu can wajen Kwoi a kudancin Kaduna ya kama noman citta. Bai nemi shawarata ba, faɗa mini kawai ya yi, kamar ni da kujerun falo duk ɗaya. Tun ranar abinci ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Ni a Kano aka haife ni, a Sabon Gari na yi wayo, a nan aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura mana aure, a nan muka binne mahaifiyata. Garinsu sai Kirsimeti nake zuwa, ko yarensu ban iya ba bayan gaisuwa. Shi dai ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar roba a Sharada. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya birkice, aka fara rage ma'aikata, bara aka sallame shi. Ban taɓa goranta masa ba, Allah ne shaidata. To, sau ɗaya na yi magana a kan kuɗin makaranta, shi ma don an koro ƙaramin ne. Shagona na kayan masarufi shi ke riƙe da gidan nan yanzu. Shagon nan kuwa lokacin da wuta ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ko tsinke ban fitar ba, da adashe da hawaye na sake tayar da shi. Shi ne yau ake ce mini in sayar.

Na san wadda ta kitsa wannan magana. Yayarsa ce. Tun ranar aurenmu take kirana 'yar birni, wai na raba ɗan'uwansu da gida. Kullum da dare tana kiransa a waya, sai ya fita ƙofar gida su yi ta ƙus-ƙus. Ita ce mai cewa gonar babansu na nan tana jira. Ba ta faɗa masa yadda cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ba, mutane suka ci bashi suka tashi hannu rabbana. Ko ta faɗa, oho, ni dai ban ji ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a watan Janairun 2012 da bama-bamai suka tashi a Kano, maƙwabtanmu suna ta loda kaya a motoci suna gudu, ni ce na durƙusa ina roƙonsa mu tafi. Shi ya ce Allahn da ke Kwoi shi ne a Kano, ba inda za mu. Na yi biyayya muka zauna, Ubangiji kuma ya kiyaye mu. Yanzu da na kafu, bakin nan dai shi ke cewa Allah ya nuna masa mu tashi. To ni me ya sa bai nuna mini ba? Ai ni ma ina azumi.

Mun je wurin Fasto. Ya buɗe Farawa sura 12, yadda Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75 bai san inda za shi ba, ya ce in dogara ga Ubangiji da zuciya ɗaya. Na yi shiru don girmansa. Amma a raina Na'omi nake tunawa. Ita ma mijinta Elimelek ne ya kwashe su daga Baitalami zuwa Mowab saboda yunwa, ta dawo ba miji ba 'ya'ya, tana cewa a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Ta yaya mutum zai gane ko tafiyar Ibrahim ce a gabansa ko ta Elimelek? Ina jin kunyar faɗa, amma kwana biyar ke nan in na durƙusa addu'a bakina ba ya buɗuwa. Littafin Waƙoƙi ma na ɗauka na ajiye. Ni da nake jagorantar addu'a a Zumunta, nake ƙarfafa gwauraye.

Na manta ban ce babbar 'yarmu tana ajin ƙarshe a sakandare ba, bana za ta rubuta WAEC, mun riga mun biya. Da na tuna masa sai ya ce a bar ta wurin ƙanwata. Budurwa, a ɗaki ɗaya da yara huɗu!

Akwai kuma abin da bai sani ba. Ranar Talata na kwashi adashena na biya hayar shago ta shekara guda gaba. Ba don in ci amanarsa na yi ba, mai shagon ne ya matsa, kuma kuɗin gumina ne. Amma na san da wannan kuɗin ya ƙwallafa rai zai sayi irin citta.

Mama, shin rashin bangaskiya ne mace ta ce ba za ta bi ba? In na bi shi ina gunaguni a zuci, Allah zai karɓa a matsayin biyayya? Ko da yake ba wannan ne ya hana ni barci ba. Ranar Asabar yayar tasa za ta iso Kano, wai ta zo taya ni haɗa kaya, kuma na tabbata zai tambayi kuɗin a gabanta. In faɗa masa ni kaɗai kafin ta zo, ko in roƙi matar Fasto ta zauna a wurin?

Taki cikin Ubangiji,
wata 'yar'uwa daga Sabon Gari, Kano