Ba kowace faɗuwar gaba ce aikin iska ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, maganar ciwon fargaba.

Ƙanwata tana aure can wajen Tilliya lokacin da aka kai harin nan na watan Maris 2021 wanda mutum 137 suka rasa ransu. Allah ya kuɓutar da ita da yaranta suka dawo nan Tawa wurinmu. Tsoron da ta ji ran nan tsoro ne na gaskiya, kowa ya ji ƙarar bindiga zai ruga, haka Allah ya yi jikin ɗan adam, akwai wani ɗan wuri cikin ƙwaƙwalwa da likitoci ke ce ma amigdala, da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙaru, ƙafa ta samu ƙarfin gudu. In haɗarin ya wuce jiki ya kwanta, shikenan.

To ita nata bai kwanta ba. Shekara ta zagayo, babu mai korarta, ga abinci ga dangi, amma gabanta faɗuwa yake tun safe har dare. Yaro ya yi latti daga lakwal ta ce an sace shi, waya ta yi ƙara da dare ta ce mutuwa aka yi, moto ta gitta ƙofar gida sai zufa da rawar hannu, wani lokaci haka kawai tana tuƙa tuwo ta dafe ƙirji ta ce mini Yaya, mutuwa zan yi, minti goma ya lafa kamar ba a yi ba. Barci kuwa sai ɓarawo.

Mi ne ne ba mu yi ba? Rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, an ce iska ce, an ce sammu, wata gwaggonmu ta ce mata ƙarancin tawakkali ne, wallahi wannan kalma ta fi komi yi mata ciwo, mace mai tashi sallar dare. Sai ta daina faɗa ma kowa. Ta koma sayen ƙwayar barci wurin masu yawo da magani a tire, irin su diyazefam, wanda in jiki ya saba da shi barinsa ma wani ciwo ne.

Sai da wani majo ya auna tansiyo ya ga lafiya lau, ya zauna ya saurare ta, sannan ya ce mu je Yamai sashen masu tabin hankali na babban asibitin ƙasa. Na ƙi da farko, na ce ƙanwata ba mahaukaciya ba ce, yau ina jin kunyar maganar nan. Lokotoro ya sa aka duba jini don ciwon maƙoƙo, wanda likitoci ke ce ma tiroyid, shi ma yana kawo bugun zuciya irin wannan, sannan ya ce ciwon fargaba ne, tsoro ne da ya rasa abin tsoro amma ya ƙi tafiya. Ya ba ta maganin da sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, ana zama da ita ana koya mata ta tunkari abin da take gudu sannu sannu, kuma ya ce ta rage shayi da goro.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke da wannan ciwo, mata sun fi yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu kaɗai ke samun magani. To ina ga wadda ke ƙauye, ba kuɗin mota, kilomita sama da 500 tsakaninta da Yamai?

Roƙona ga hukumomin lafiya a horar da majojin ƙananan asibitoci su gane ciwon nan tun daga ƙauye, gidajen rediyo su yi bayaninsa da Hausa, ba sai 10 ga Oktoba ranar lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara girma, in an kawo muku irinta ku yi addu'a ku ce a wuce likita. Ƙanwata dai makon jiya ita kaɗai ta je kasuwa ta dawo, kuma bisa moto.

Naku, mai karatu daga Tawa.