Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Muna Gwaji Da 'Ya'yan Talakawa

Allah ya gafarta Malam, assalamu alaikum.

A gaban iyayen yara a nan Katsina ka tambaye ni ko horon natsuwa da muke ba matasa ta waya ba ibadar mabiya Buda ba ce, kuma ko ba gwaji muke yi da 'ya'yan talakawa don kuɗin Turawa ba. Ta farko mai sauƙi ce. Tushensa daga can yake, amma tun 1979 ake amfani da shi a asibiti a Amurka ba tare da ibada ba. Yaro zai zauna minti 10 yana lura da numfashinsa, in hankali ya tafi ya dawo da shi. Horon bai shafi salla ko zikiri ba.

Ta biyun ce ta yi mini ciwo. Kafin yaron da ya gudo daga Batsari ko Jibiya ya samu saƙon murya ko ɗaya, sai iyayensa sun amince, sai an yi masa tambayoyi 9 na ma'aunin PHQ-9, wanda ake auna tsananin ciwon damuwa da shi. Wanda ya kai maki 10, ko ya ce gara ya mutu, wajen likita ake kai shi, ba waya ake miƙa masa ba. Sauran su bi horon mako 8. Wanda aka yi harbi a gabansa ba a ce masa ya rufe ido, domin rufewar kan dawo masa da abin da ya gani. Sai ya dasa ƙafa a ƙasa, ya ambaci abubuwa biyar da ke gabansa. Wanda ya yi shiru kwana uku, mutum ne zai kira shi.

Ba ma ɓoye rauninsa. Binciken MYRIAD a Birtaniya, kan yara sama da 8,000, ya nuna a 2022 cewa horon natsuwa a makarantu bai fi darasin da aka saba ba, kuma yawancinsu ba sa atisaye a gida. Shi ya sa ba ma barin yaro shi da waya kawai.

Malam, ka san gidanmu, ka san aikina. Da gaskiya kake nema, da ka zo ka duba takardun kafin ka ɗauki lasifika. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, wace rana ka tashi ka tambayi makarantu nawa ke da wanda zai saurari yaron da ya kasa barci? Wannan tambayar nake jira daga bakinka.

Wassalam,
Ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, Katsina