A Faɗa wa Masu Ciwon Gwiwa Iyakar Aikin Filasta Bayan Allurar PRP

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan abin da na shafe watanni ina gani da idona, tun lokacin da aka yi wa mahaifiyata allurar da ake kira PRP a gwiwarta ta dama, aka kuma biyo bayanta da liƙa filasta, wato tef mai gam da ake mannawa a fatar gwiwa. Likita ya tabbatar mana cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ne ya zaizaye, wato irin amosanin gaɓɓan nan da ke zuwa da shekaru, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 yana damun mutane kimanin miliyan 528, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ya kama su.

Ga wanda bai taɓa gani ba, jinin mara lafiyan ake ɗiba daga hannunsa, a sa a na'ura mai juyawa da gudu har ya rabu, sannan a tsame ruwan nan mai launin rawaya wanda ya tattara ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, a mayar da shi cikin gaɓar. Abin da ake fata shi ne sinadaran da ƙwayoyin ke saki su lafar da ciwo. A kwanakin farko gwiwar takan ƙara zafi da kumburi, kuma likitoci da dama kan hana shan ibuprofen da diclofenac a wannan tsakani, su bar mutum da paracetamol. Ganin haka ne yake sa a nemi filasta, domin tana iya kawo sauƙi ba tare da an ƙara wani magani a jiki ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bayanin da aka yi mana a karon farko. Ma'aikacin da ya liƙa mata filastar ya ce aikinta shi ne ta riƙe maganin a cikin gwiwa kada ya watse, saboda haka ya ɗora ta a daidai bakin allurar tun a ranar, ya kuma ja ta iya ƙarfinsa. A dare na biyu mahaifiyata ta kasa barci don ƙaiƙayi, da muka ɗaga gefen filastar sai muka tarar fatar ta yi jawur, ga ƙananan bororo a jere. Wannan bayani nasa ba shi da tushe, domin ruwan allurar yana can cikin jakar gaɓa, ita kuwa filasta a kan fata take, ba ta da hanyar tsare shi, ba ta kuma mayar da guringuntsin da ya riga ya tafi.

Duk da haka ban rubuto don in kushe filasta ba, domin tana da amfaninta. Iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai tauri wadda ba ta talewa, da ake ɗan karkata ƙoƙon gwiwa da ita, bisa tsarin da Jenny McConnell ta Ostareliya ta fito da shi a shekarun 1980, akwai kuma mai talewa mai launi-launi, wadda Kenzo Kase na Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1970, duniya ta san ta sosai a jikin 'yan wasa a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Wani bincike da aka yi a Melbon, aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2003, ya gwada mai taurin a kan mutane 87 masu wannan ciwo na tsawon mako uku, ya kuma gano cewa ta rage musu zafi. Sai dai filasta ita kaɗai aka gwada a can, ba tare da allurar PRP ba, kuma rage zafi ne babban abin da aka auna.

Ita kanta allurar ya kamata a gaya wa mutane matsayinta tun kafin su miƙa hannu. A 2019 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a yi amfani da PRP ga wannan ciwo, ta amince da filasta mai talewa bisa sharaɗi, amma abubuwan da ta fi ƙarfafawa su ne motsa jiki, rage ƙiba ga mai ita, da dogara sanda idan tafiya ta yi wuya. A 2021 kuma mujallar likitoci ta JAMA ta buga gwajin da aka yi wa mutane 288 a Ostareliya, inda bayan wata 12 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka yi wa PRP da waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri. Akwai masu cewa sun ji sauƙi, ba na kuma ƙaryata su, amma haƙƙin mara lafiya ne ya ji wannan ɓangaren ma.

Sai da muka koma hannun wata ma'aikaciyar fisiyo, wato mai jinyar gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, sannan muka ga yadda ake aikin. Ta jira fatar ta warke sarai, ta gwada ɗan guntu a hannun mahaifiyata na kwana guda, ta wanke gwiwar ta bushe babu mai, ta sa almakashi ta zagaye kusurwoyin filastar don kada tufafi su ɗaga su, ta kuma kwantar da bakunan biyu ba tare da ja ba. Da ta gama sai ta murza da tafin hannu domin gam ɗin ya kama, ta ce: "Mama, wannan aro ne na 'yan kwanaki, don ki samu damar ƙarfafa cinyarki." Daga nan ta koya mata miƙe ƙafa tana zaune, da tashi daga kujera a hankali sau goma, domin tsokar gaban cinya ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Ta kuma gargaɗe mu cewa fatar dattijai siririya ce, a riƙa ɓare filastar sannu-sannu, kuma idan gwiwar ta yi zafi rau, ta kumbura sosai, ko zazzaɓi ya biyo baya, a cire ta nan take a koma wurin likitan da ya yi allurar, domin hakan na iya zama alamar ƙwayar cuta ta shiga gaɓar.

Ina roƙon shafinku na kiwon lafiya ya gayyato likitan ƙashi da ma'aikacin fisiyo su zauna tare su yi wa masu karatu wannan bayani dalla-dalla. Mahaifiyata ta daina sa filastar tun watanni biyu da suka wuce, tana nan tana atisayenta safe da yamma, kuma yanzu tana hawa matakala da sanda a hannu ɗaya ba tare da an riƙe ta ba.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku