Takardar Koke Kan Cunkoson Fayiloli a Hannun Jami'in Koya wa Naƙasassu Sana'a

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka makafi, guragu, kurame da waɗanda kuturta ta taɓa, maza da mata, tare da iyayen yaran da ba za su iya magana da bakinsu ba. Mun zauna mun yi shawara a ƙofar gidan Sarkin Makafi, muka ga babu inda ya dace mu fara kai kukanmu sai wurin uba. Muna roƙon ka isar mana da shi ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da kansiloli.

Ranka ya daɗe, a sakatariya akwai sashen jin daɗin jama'a, kuma a nan ne ake buɗe wa duk naƙasasshen da ke son koyon sana'a fayil. Jami'i ɗaya ne ke riƙe da fayilolinmu duka. Shi ne zai zauna da mutum ya ji abin da jikinsa zai iya, ya nema masa ubangida, ya bi shi ya ga yadda koyon ke tafiya, sannan ya tsaya masa a samu kayan aiki bayan an yaye shi. To amma a teburinsa ake sasanta rikicin aure, wurinsa ake kai yaron da ya ɓata a kasuwa, shi ake kira idan an tsinci jariri, shi ke rubuta sunaye idan ambaliya ta ci gidaje. Ba ƙararsa muka kawo ba, kuma muna roƙo kada wannan takarda ta jawo masa takardar tuhuma. Mun sha ganinsa yana sayen man babur da kuɗin aljihunsa don ya leƙo wani daga cikinmu. Hannu ɗaya ne kawai ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne fayil ba ya rufuwa. Ana buɗewa kullum, ba a cirewa. A cikin kabad ɗin nan akwai fayil na wanda ya rasu, da na wadda ta yi aure ta bar gari, da na wanda ya daɗe da kafa shagonsa har yana da yara a ƙarƙashinsa. Duk suna kwance a jere da na yaron da mota ta karya wa baya a bana, wanda yanzu ne yake tsakanin yanke ƙauna da sake ɗaura ɗamara. Idan jami'in ya buɗe kabad, babu abin da zai nuna masa wanda ya fi gaggawa. Sai ya zama mai ƙafar zuwa sakatariya da mai bakin magana su ake fara ji. Wanda yake rarrafe daga ƙauye mai nisa, ko kurman da ba shi da tafinta, ko matar da ke cikin kulle, sai dai su yi ta jira. “A dawo mako mai zuwa” kalma ce mai sauƙi a bakin mai lafiya. Ga makaho kuwa, tana nufin kuɗin mota na mutum biyu, shi da ɗan jagora, da yinin da yaron ya rasa a makaranta.

Sannan akwai maganar bibiya, wadda a ganinmu ita ce zuciyar aikin. An sha raba mana kekunan ɗinki da injin markaɗe a gaban 'yan jarida, mun kuma gode. Sai dai keken ɗinki na ƙafa ne, an miƙa shi ga wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu, domin babu wanda ya samu lokacin zama da ita kafin a rubuta sunanta. Wani an kai shi koyon walda a shagon da sai an hau matakala. Wani ya iya gyaran waya sosai, amma ubangidansa ya gaji da shi a wata na biyu saboda ba sa fahimtar juna, kuma ba a samu mai shiga tsakani ba. Ƙarshenta a sayar da kayan a ci abinci, mutum ya koma bakin titi da ƙoƙon bara, jama'a su ce ai dama naƙasassu ba sa son aiki. Wannan magana tana yi mana ciwo, domin duk wanda ya ga yadda guragun Kano ke ƙera kekunan guragu da hannunsu, ko yadda makafi ke tufka igiya, ya san ba gaskiya ba ce.

Ba alfarma kaɗai muke nema ba, ranka ya daɗe. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Ta hana a yi amfani da mu wajen bara, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati yadda za mu iya shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa, a shekarar ce kuma aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mun yi murna, har da mu a cikin masu yawon wayar da kai. Amma waɗanda cutar ta riga ta shanye suna nan da ransu, sun girma, suna da iyali. Doka tana Abuja, mu kuwa wanda muke gani shi ne jami'in sakatariya.

Wani ɗanmu da ya yi karatu a wannan fanni ya bayyana mana yadda ake yi a Amurka, inda gwamnati ta fara wannan aiki ga farar hula tun 1920. A can, idan mutum ya nemi taimako, dole a yanke ko ya cancanta cikin kwana 60, a rubuta masa tsarin neman aiki cikin kwana 90 bayan haka, kuma ba a rufe fayil a ce an yi nasara sai mutum ya yi aƙalla kwana 90 yana kan aikinsa. Ba mu da kuɗin Amurka, mun sani. Amma sa wa'adi a bangon fayil ba ya cin ko kwabo.

Don haka roƙonmu na farko shi ne a tace kabad ɗin. A ba da mako biyu, a zauna da Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare da wakilan kurame, domin su suka san wanda ya rasu da wanda ya ƙaura da wanda ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya rage a raba shi: sababbi masu jiran a ji su, waɗanda ke wurin ubangida, da waɗanda aka yaye ana bibiyarsu. A rubuta ranar da aka buɗe kowane fayil da ranar da za a sake waiwayarsa, a riƙa bin layi, sai dai wanda lalurarsa ba ta jira.

Muna roƙon a ƙaro ma'aikata, ko da daga wani sashe za a ɗauko su a horar, a kuma sauke wa mai kula da mu shari'ar aure da sauran ayyuka. Lallai a samu mace a cikinsu, domin akwai abin da 'yan'uwanmu mata ba za su faɗa wa namiji ba. A samu wanda ya iya maganar hannu. A cikinmu ma akwai masu difloma da NCE da ke zaune, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kuma tsayar da rana, ko da ranar kasuwa ce, da jami'i zai riƙa zama a ƙofar dagaci a kowace gunduma, a ba shi babur da mai daga asusun hukuma.

Akwai ɗaya da yake hannunka kai tsaye, ba ya jiran kasafi. Idan ka kira shugabannin teloli, dukawa, masu gyaran waya da masu walda, ka ce kowane ya karɓi ɗaya ko biyu daga cikinmu, ya riƙa aiko wa jami'i labarinsu a ƙarshen wata ta hannun mai unguwa, babu wanda zai ƙi. Rabin yawon jami'in ya ragu ke nan.

Muna fatan ka sa mana ranar da wakilanmu za su zo gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma tare da kai, da jami'in a wurin, kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa. Za mu zo da sunayen waɗanda ke jira daga kowace unguwa.

Allah ya taimake ka, ya kare ƙasarka.

Masu biyayya gare ka,
Sarkin Makafi
Sarkin Guragu
Sarkin Kutare
Wakilin Kurame
Wakiliyar Mata
A madadin sauran 'yan'uwa da suka dangwala yatsa a takardar da ke haɗe.