Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, ma'aji da sauran 'yan uwa masu zane da ɗab'i, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

An yi tarukan wata-wata, ban da na azumi da aka ɗage kamar yadda aka saba. An kai ta'aziyya da barka inda ya kamata.

Batun kuɗin wata, adadin yana cikin takardar ma'aji, kuma ba abin alfahari ba ne. Masu biya a kan kari su ne dai waɗanda kowa ya sani, fuskokinsu ba su canja ba. Saura kuwa an tura saƙo, an buga waya, har shago an bi wasu, amsar ɗaya ce: kasuwa ba daɗi. Mun yarda. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ke cinye ribar kowa, amma masu biyan ma ba da ruwan rijiya suke tayar da nasu injin ba. Duk wanda zai yi tambaya a kan ayyukan da ba a gama ba, ya fara duba sunansa a littafin rasit.

Abin da ya wanke mana fuska a bana shi ne bitar da aka yi bayan babbar salla a kan gyaran rubutun da ke hargitsewa idan an manna shi a CorelDRAW ko Illustrator. Ɗaki ya cika har yaran shago suna leƙe ta taga, an kuma wuce lokacin tashi ba wanda ya motsa. Tunda da yawa ba su zo ba, ga abin da aka yi, don kada gobe a sake cika zauren WhatsApp da tambayar da aka riga aka amsa.

An fara da asalin ciwon. Rubutun da kwastoma ya kawo a Word ba haruffa kaɗai ba ne, yana tafe da kayansa: fon, wato salon haruffa, misali Calibri mai girman 11, tazarar maki 8 a bayan kowane sakin layi, da tarin gurabe da Tab da aka daddanna don a jera sunaye. Idan an manna a CorelDRAW akwati yakan fito da zaɓi uku: a riƙe fon da tsari, a riƙe tsari kawai, ko a zubar da duka. Na ukun za a ɗauka. Yawancinmu mun taɓa danna "kada a sake nuna wannan", shi ya sa ba ma ganinsa. Ana dawo da shi daga sashen gargaɗi a saitin manhajar. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara zuba rubutun a Notepad, a sake kwafowa daga can, ya zo tsirara. Sai dai idan za a adana fayil ɗin a zaɓi UTF-8. Tsohon Notepad na Windows 7 da ANSI yake adanawa, ɓ da ɗ su koma alamar tambaya.

Masu Illustrator an ja musu kunne a kan Ctrl+Shift+V. A burauza shi ke manna rubutu ba tsari, amma a Illustrator aikinsa ajiye abu daidai inda aka kwafo shi, a Inkscape kuma salon abin da aka kwafa yake shafa wa wani. Maɓalli ɗaya, aiki uku.

Inda aka fi daɗewa shi ne haruffa masu ƙugiya, kuma ya cancanta. An haska wani katin biki a allo, an rubuta "ɗaurin aure" da fon mai lanƙwasa, amma ɗ ɗin ta tsaya ƙiƙam, siririya, ba ta yi kama da 'yan uwanta ba. Dalili, fon ɗin ba shi da harafin, sai manhaja ta aro daga wani, ko ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Aron nan shi ke ɗaga layi guda ya fi sauran tazara. Noto Sans, Charis SIL da Andika duk suna da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, kuma kyauta ne. Ƙa'idar da aka tsayar ita ce kafin a zaɓi fon a buga "Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ" a gani da ido. Akwai kuma tsofaffin fon na Hausa da suka ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, wasu kuma a kan }, ] da ~. A kwamfutar kwastoma rubutun lafiya lau, a taka sai ka ga "Qaramar Hukuma" ko "}asa". Maganinsa nema da musanyawa a Word kafin a kwafo, manyan baƙaƙe daban, ƙanana daban, ana kuma dubawa ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba TV ta koma TƁ. Waƙafin da ke gaban 'yan da 'ya'ya shi ma yakan juya baya ya zama buɗin zance, saboda gyaran kai tsaye na manhaja. A kashe shi, ko a gyara da hannu.

Daga nan aka shiga bambancin rubutun ado da rubutun akwati. A CorelDRAW, wanda ya danna F8 ya taɓa shafi sau ɗaya ya manna, rubutun ado ya yi, shi ya sa sakin layi guda ke miƙewa har ya fita daga shafi. Dogon bayani akwati ake ja masa tukuna. Ctrl+F8 na mayar da wannan zuwa wancan, amma ba ya aiki idan rubutu ya fi ƙarfin akwatinsa. Alamar haka, akwatin ya koma ja a CorelDRAW, a Illustrator kuma ɗan jan kuros ya fito a kusurwar ƙasa. A nan ne sunan uban amarya na ƙarshe ke ɓacewa daga kati ba wanda ya lura sai an buga. A kuma daina jan rubutun ado ta gefe don ya cike wuri, haruffa suke kumbura. A ja ta kusurwa.

Rubutun da aka kwafo daga PDF matsalarsa daban. Kowane layi da Enter ɗinsa a ƙarshe, don haka da an faɗaɗa akwati sai layuka su kakkarye a tsakiya. Sai an kunna ɓoyayyun alamomi ake ganinsu, a Illustrator Alt+Ctrl+I ne. Ta nan ake kama guraben da ke farkon layi, masu sa rubutun da aka ce ya zauna tsakiya ya karkata dama. A CorelDRAW, ana cikin rubutu, Ctrl+L hagu ne, Ctrl+E tsakiya, Ctrl+R dama, Ctrl+J ya cike gefe biyu. Ctrl+H har layin ƙarshe yake miƙewa dole, kalma biyu su yi hannun riga. Ba a jera sunaye da kuɗi da dogon maɓallin barin gurbi, faɗin haruffa ba ɗaya ba ne. Tab ɗaya ake sawa a saita masa matsaya.

Wajen daidaita rubutu da zane a CorelDRAW, an tuna mana cewa idan ana zaɓe da Shift abin da aka taɓa a ƙarshe shi ne ba ya motsi. Maɓallan C da E na haɗa tsakiya, P ya kai tsakiyar shafi. Kalmomi biyu a jere, ɗaya da y ko g, ɗaya babu, ba sa zama daidai idan an bi akwatinsu. A zaɓi layin da haruffa ke zaune a kai. Basmala da addu'o'in kan kati kuwa, idan suka fito a warwatse ko a juye a Illustrator, sai an kunna saitin rubutun Gabas ta Tsakiya an juya sakin layi daga dama. Duk da haka a ba wanda ya iya karatu ya duba kafin a buga. Ƙarshe, a CorelDRAW Ctrl+Q ya mayar da rubutu zane kafin a kai wa mai inji, amma a kan kwafi, don bayansa ba a iya gyara ko harafi ɗaya.

Muna godiya ga 'yan uwan da suka koyar ba su karɓi ko kwabo ba, da wanda ya ba da aron majigi, da wanda ya zuba mai a janareto daga aljihunsa.

Ɗan littafin jagora da aka yi alkawari bayan bitar bai fito ba, kuma mun ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Rubutu ya kammala, hotunan allo ne suka rage, domin sai an ɗauko su daga tsohon CorelDRAW X7 da kuma sababbin fitowa, tunda wuraren maɓallan sun sha bamban. Waɗanda suka ɗaga hannu za su ɗauko ba su kawo ba. Kuɗin takarda ma babu, kuma ba za mu ci bashi da sunan ƙungiya ba. Haka batun inbata ta ofis, an karɓo farashi sau biyu, kafin a tara rabi ya tashi.

Taskar fon masu ƙugiya an haɗa ta, an zuba a filashi biyu don a riƙa zagayawa da su shago-shago. Ɗaya ta dawo da ƙwayar cuta, an goge an sake zubawa. Ɗayar tun watan Muharram ba a gan ta ba. Wanda take hannunsa ya san kansa, ya taho da ita taron farko na sabuwar shekara, tare da bashin da ma'aji ke bin sa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.